Neman shawara: zan yi shiri kan waƙar My Love ta Westlife, me zan ce game da nasararta?

Ƙanwar Gida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gabatar da wani ɗan shiri a intanet duk Asabar, inda nake ba da tarihin tsofaffin waƙoƙin waje da Hausa. Wannan karon masu saurare sun matsa lallai sai na yi Westlife, samarin nan biyar na ƙasar Ayilan, kuma kusan kowa My Love yake ambata. Abin da na tanada shi ne ta fito a ƙarshen Oktoba 2000, ta hau lamba 1 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya da Ayilan. A gabatarwa na rubuta cewa ita ce waƙar da ta fi kawo musu kasuwa. Mai haɗa mini sauti ya ce in goge wannan layin, wai masana za su yi mini dariya. Don Allah in bari ko in goge? Sannan yaya zan yi wa mai sauraro bayanin wannan lamba 1 ɗin ba tare da na sa shi hamma ba?

Yaya Mai Faifai:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Goge shi, yaron nan ya yi miki gata. In ana maganar cinikin faifai a Birtaniya, Uptown Girl ce a gaba, wadda suka sake rerawa daga ta Billy Joel a watan Maris 2001 don tara kuɗin agaji na Comic Relief. My Love mako ɗaya tak ta yi a sama, wata ƙungiyar samari mai suna A1 ta sauko da ita.

Amma kina da labarin da ya fi wanda kika rubuta daɗi. My Love ita ce waƙarsu ta bakwai, kuma duk bakwai ɗin lamba 1 suka hau, ɗaya bayan ɗaya, ba fashi: Swear It Again a Afrilu 1999, sai If I Let You Go, Flying Without Wings, I Have a Dream wadda ta cinye makon Kirsimeti na 1999, Fool Again, Against All Odds da suka yi da Mariah Carey, sannan taki. Duk cikin ƙasa da shekara biyu. Kuma sai da My Love ta ture waƙar Spice Girls kafin ta zauna. Mako guda bayan fitowarta kundin Westlife, Coast to Coast, ya fito rana ɗaya da kundin Spice Girls, Forever, jaridu suka yi ta zuga abin kamar gasa, samarin suka yi nasara. Da wannan zan buɗe shirin in ni ne.

Maman 'Yan Biyu:
Ni dai ban san lissafin kasuwa ba, amma a ɗakin kwananmu na makaranta babu wadda ba ta haddace ta ba, har waɗanda ba sa jin rabin Turancin. Ki sa mana ita kawai, Allah ya ba da sa'a.

Anti ta Manchesta:
'Yata, kan tambayarki ta biyu zan tsaya, don a lokacin ina can ina aiki a wani kantin da ke sayar da faifai. A shekarun nan ba yawan jin waƙa a rediyo ake ƙirgawa ba, faifan da aka saya a kanti cikin mako shi ne ma'auni. Ana fitar da sabuwar waƙa ranar Litinin, ranar Lahadi da yamma BBC Radio 1 ta karanto jerin. To kamfanoni sun laƙanci hanyar. Sai su ba gidajen rediyo waƙar makonni kafin ta iso kanti, samarin su yi ta zagaya shirye-shiryen talabijin irin su Top of the Pops da na yara na safiyar Asabar, har sai 'yan mata sun ƙagu. Ranar da ta fito kuma ba faifai ɗaya ba ne: CD kala biyu ne, kowanne da ƙarin waƙa ko hoto daban, ga kaset. Yarinya mai son su sai ta saye duka, kuma kowanne ƙirga shi ake yi. A makon farko farashin ma a sauke yake.

Shi ya sa waƙa ke faɗowa lamba 1 kai tsaye, mako na biyu ta zame. A 2000 waƙoƙi sama da 40 ne suka hau wannan kujerar, kin ga kusan kowane mako da sabuwa. Kamar ranar kasuwar ƙauye ce: a cika maƙil yau, gobe rumfuna wayam. Saboda haka in kin ce mako ɗaya ta yi, kada ki faɗe shi da muryar tausayi, haka zamanin yake. Yanzu lissafin ya sauya, tun 2014 ake haɗawa da sauraro ta intanet.

Ɗan Adawa:
To tunda Anti ta fasa ƙwai, bari in ƙarasa. Ku daina cewa "nasararsu". Nasarar Louis Walsh ce, manajansu, wanda ya riga ya gwada dabarar da wata ƙungiyar samari mai suna Boyzone, da kuma Simon Cowell da ya ɗauke su a kamfani. Asalin ƙungiyar samari shida ne daga garin Sligo. Aka sallami uku, aka bar Shane Filan da Kian Egan da Mark Feehily, aka ɗauko Nicky Byrne da Brian McFadden daga Dublin bayan gwajin murya. My Love ɗin ma 'yan Suwidin ne suka rubuta ta, mutanen Cheiron da ke Stockholm, ɗakin haɗa waƙar da ya yi wa Backstreet Boys da Britney Spears aiki. Su biyar ɗin kujera kawai aka ba su, su zauna, in kiɗa ya ɗaga su miƙe tsaye. Kuma in da gaske gwanaye ne, me ya hana su Amurka? Swear It Again kaɗai ta leƙa jerin Billboard, ta tsaya a lamba 20.

Yaya Mai Faifai:
Malam Ɗan Adawa, duk abin da ka lissafa haka yake, ban musa ko ɗaya ba. Sai dai ƙungiyoyin samari nawa aka haɗa a shekarun nan da irin wannan manaja da irin waɗannan marubuta? Ina suke? Waɗannan sau 14 suka hau lamba 1 a Birtaniya, har bayan Brian ya fita a 2004 ba su daina ba, You Raise Me Up ta 2005 shaida ce. Muryar Shane da ta Mark ba kamfani ne ya ƙera su ba. Kuma dabarar ba kullum take ci ba. Waƙarsu ta takwas, What Makes a Man, an auna ta da makon Kirsimeti na 2000, amma ta maƙale a lamba 2. Wa ya tare ta? Bob the Builder, ɗan tsanan shirin yara mai hular magina. Iyaye masu saya wa ƙananan yara sun fi 'yan mata yawa a wannan makon. Ƙanwata, kar ki bar wannan a baya, masu saurarenki za su sha dariya.

Ƙanwar Gida:
Na gode ƙwarai Yaya, na gode Anti. Layin ya tafi. Amma har yanzu akwai abin da ya tsaya mini. In ba ita ce ta fi ciniki ba, me ya sa mutanena ba wanda ya ambaci Uptown Girl, sai ita?

Malamin Turanci:
Domin jerin Birtaniya kantunan Birtaniya kaɗai yake gani, Hajiya. Kaset da CD ɗin da suka yi yawo a hannunmu nan Najeriya yawancinsu kwafi ne, ba su shiga lissafin kowa ba, ko sisi bai koma Dublin ba, amma su suka shuka waƙar. Haka abin yake a Asiya, Indunusiya da Filifin da Sin, inda har yau in suka je wasa jama'a ke karɓe ta daga bakinsu. Dalilin da nake gani shi ne sauƙinta. A hankali take tafiya, kalmomin a fili suke fita, kuma zancen kewar gida da masoyi ne, abin da ɗan makarantar kwana da ɗan ci-rani suka sani ba sai an fassara musu ba. Ni kaina na sha amfani da ita wajen koyar da sauraro a aji. Uptown Girl kuwa rawa ce da raha, kuma rabin armashinta yana ga wanda ya san ta Billy Joel.

Shawarata ki raba maganar gida biyu a shirin: cinikin makon farko daban, daɗewa a bakin mutane daban. A na farko ki ba da shekaru da lambobin da Yaya ya kawo. A na biyu ki nemi masu saurare su turo saƙon murya su faɗi inda suka fara jinta.

Anti ta Manchesta:
Ƙari kaɗan: a ƙarshen 2000 ita ta ci kyautar waƙar shekara ta tashar ITV, wadda masu kallo ke zaɓa ta waya. Wannan kina iya faɗa ba fargaba. Bidiyon kuma a yammacin Ayilan aka ɗauka, tsaunukan bakin tekun nan da ake gani sunansu Cliffs of Moher.

Mai Haɗa Sauti Na Biyu:
Anti mai shiri, abu ɗaya da ba wanda ya taɓo. Kar ki ɗora waƙar gaba ɗaya a cikin shirin. YouTube da Facebook suna da manhajar da ke gane waƙa mai haƙƙin mallaka, ko su kashe sautin wurin, ko kuɗin tallan ya koma aljihun kamfani, wani lokacin ma su toshe bidiyon. Gutsure ma ba ya tsira kullum. Ki yi bayaninki da bakinki, ki ajiye musu adireshin bidiyon asali a ƙasa, duk mai so ya latsa ya ji a can.

Ɗan Adawa:
In za ki karɓi saƙon murya ni ma zan turo nawa, amma da sharaɗin ba za a yanke inda na ambaci Louis Walsh ba.