Wai tsatsa ce ta cinye wa Baba ƙashi?

Autan Baba: Wallahi raina a ɓace yake. Shekara 13 kenan da sa wa Baba ƙarfe a ƙugu, sai da muka sayar da gona, yanzu ya koma ɗingishi, an ɗau hoto likita ya ce ƙashin da ke riƙe da ƙarfen ya zaizaye, sai an sake aiki. Ni dai na san jabu aka sa masa ya yi tsatsa a ciki.

Maman Ilham: Allah ya ba Baba lafiya. Amma tsatsa kuma sai ka ce kwanon rufi?

Nas mai dutin dare: Ba tsatsa ba ce ƙanena. Kan ƙarfen yana juyawa ne cikin wani kofin roba mai tauri, duk takun da Baba ya yi sai ya goge ɓurɓushin da ido ba ya gani. Sojojin jiki su haɗiye shi su kasa narkarwa, sai kumburi ya tashi, kumburin ya zuga ƙwayoyin da dama aikinsu rushe tsohon ƙashi, su yi ta ci ta gefen ƙarfen shiru shiru, wani ma ba ya jin ciwo sai abu ya fara girgiɗi. Shi kansa Charnley, likitan Ingila da ya yi fice a aikin sauya ƙugu, da wata roba mai suna Teflon ya fara, ta cinye da wuri, sai 1962 ya koma wannan robar.

Oga Bakanike: Hajiya Nas da girmanki, shekara 20 ina kwance mota, ban taɓa ganin ƙarfen da ya zauna cikin laima bai yi tsatsa ba.

Nas mai dutin dare: Oga titaniyom da ake sa wa mutum a jiki ba ƙarfen shokobza ba ne.

Ɗalibin kemistiri: Ai Oga bai yi ƙarya duka ba. A 2010 kamfanin DePuy ya janye ƙugun ƙarfen da yake ƙerawa samfurin ASR daga kasuwa, ƙarfe kan ƙarfe, kobalt da kuromiyom na zuba cikin nama da jini. To mene ne sunan wannan?

Nas mai dutin dare: Gugar juna. Kai kanka ka ce ƙarfe kan ƙarfe, gama makaranta tukuna.

Jikan Sarkin Ɗori: Da gidanmu aka kawo shi da ba a kai ga sayar da gona ba.

Maman Ilham: Haba malam, ƙanwata sikila ce ta kashe mata kan ƙashin cinya, me za ka ɗora a nan? Kullum sai kun shigo talla.

Jikan Sarkin Ɗori: Kakana kike kira ɗan talla??

Autan Baba: Jama'a ni fa tambayata a sake aikin ko a bari

Oga Bakanike: To a taƙaice dai kowa ya yarda ƙarfe na lalacewa a jiki kamar yadda na faɗa tun farko, har ɗan boko ya kawo hujja da shekara. Zancen roba kuma Hajiya ce kaɗai ta gan shi.

Nas mai dutin dare: Autan Baba, ka tambayi likitan ko ya yi gwajin jini ya tabbatar ba ƙwayar cuta ba ce, kuma kada ku ja lokaci, ƙashin ƙara raguwa yake. Kai kuma Oga na bar ka da Allah.