Tambaya ga kafintoci: ƙafafun bencin yankan katako na falet suna tsagewa

Assalamu alaikum iyayen gida. Benci ne mai ƙafa huɗu na ɗora katako a yanka, an haɗa shi da katakon falet, irin wanda ake jibga buhuna a kai a sito. Tsayinsa santimita 75, ƙafafun sun buɗe digiri 15, kaurin katakon bai wuce santimita 2 ba. Da ƙusa mai inci 3 ta shiga kusa da tsohon ramin ƙusa, sai bakin ƙafar ya tsage, benci ya kama rawa ƙarƙashin zarto. An dakushe bakin ƙusa, an fara huda rami, duk bai hana ba. Shin a ninka ƙafa biyu-biyu da gam ne, ko a koma noti da wasa? Kuma katakon tokare, a wane tsayi ya fi riƙewa?