Shawara kan koya wa dattijuwa wasullan karatun Alƙur'ani

Mai tambaya, daga Kaduna:
Assalamu alaikum. Malamai da 'yan'uwa, ina neman shawararku game da mahaifiyata, wadda ta koma makarantar matan aure a bana. Ta san baƙaƙe, kuma tana da haddar ƙananan surori tun ƙuruciya, amma idan ta buɗe Alƙur'ani sai fataha da kisira da rufu'a su riƙa rikita ta, wani lokaci ta ja inda babu ja. Wane littafi ya dace in saya mata, kuma karatun wane malami ya kamata ta riƙa saurare?

Malamin Islamiyya, daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri bisa wannan ɗawainiya. Littafin da muke amfani da shi shi ne Ƙa'idar Nuraniyya ta Shaihu Nur Muhammad Haƙƙani, malamin ƙasar Indiya, domin darasinta na huɗu wasulla ukun nan kaɗai ya ƙunsa, kowane baƙi da fataharsa da kisirarsa da rufu'arsa, kafin a kai ga tanwini da maddi da ɗauri. Ƙa'idar Bagadadiyya ma tana yin aiki, kuma ta fi sauƙin samu a kasuwa. Sai dai kafin ka sayi komai, ka binciko mana da wace ruwaya Hajiya ta yi haddarta, Warshu ko Hafsu, domin Nuraniyya a kan Hafsu aka tsara ta.

Alaramma, daga Gashuwa:
Allah ya gafarta Malam, ban ƙi littafin ba, amma ina ganin an yi gaggawar tsallake allo. Abin da ake kira darasi na huɗu shi ne farfarun da muka gada, wanda yaro ke shiga bayan ya gama babbaƙu, kafin ya kai hajjatu, kuma tsarin bai gaza ba. Fa'idar allo ga mai shekaru ita ce rubutun yana da girma, kuma ana iya rubuta mata layi ɗaya tak, baƙaƙen da tawada baƙa, wasullan da ja, yadda ido zai rabe su ba tare da wahala ba. Haka Alƙur'anan hannu na ƙasar Borno suke har yau, kuma abin yana da asali. An ruwaito cewa Abul Aswad Addu'ali, wanda ya rasu a shekara ta 69 bayan hijira, ya umarci marubucinsa ya riƙi tawada mai launi daban ya kalli bakinsa: idan ya buɗe baki a sa ɗigo a saman baƙin, idan ya tattara leɓɓa a sa a gabansa, idan ya sauke a sa a ƙasa. Daga baya ne Halilu ɗan Ahmad na Basra ya mayar da ɗigon zuwa siffofin da muke gani yanzu, shi ya sa rufu'a take kama da ƙaramin wawu. Ka ga tun farko daga kallon baki aka ɗauko wasali, don haka ko wane littafi ka saya, dole ta zauna gaban malama ta riƙa kallon motsin bakin malamar.

Malamar tajwidi, daga Kano:
Ina goyon bayan ƙarshen maganar Alaramma, kuma zan ƙara abin da na lura da shi a ajin iyayenmu mata. Matsalar Bahaushe ba bambanta dogo da gajere ba ce, domin harshenmu yana da su, kunnenmu kuma ya saba. Matsalar tana wurare uku. Gajeren "i" da gajeren "u" suna shiga juna a bakinmu, kamar yadda wani zai ce biki wani ya ce buki, sai wannan sassaucin ya biyo mu cikin tilawa, rufu'a ta fito rabi da rabi ko ta koma "o", kisira kuma ta karkata zuwa "e". Maganinsa shi ne a cika kowane wasali: a tattara leɓɓa sosai ga rufu'a, a sauke muƙamuƙi ga kisira, a buɗe baki ga fataha, kuma madubi yana taimakawa ƙwarai idan malama ba ta kusa. Sannan muna ƙara wasali inda aka yi ɗauri, shi ya sa ake jin "Bisimillahi" alhali sin ɗin ɗaure yake. Na ukun shi ne tsayawa a kan gajeren wasali a ƙarshen aya, wanda ba a yi a Larabci.

Ka fara mata gyara da Fatiha, domin ita ce rukuni a salla. Wanda ya ce "an'amtu" a maimakon "an'amta" ya mayar da ni'imar ga kansa, wanda kuma ya sa kisira a baƙin kaf na "iyyaka" ya yi magana da mace. Irin wannan malamai ke kira lahani bayyananne, kuma shi ake fara kawarwa kafin a shiga zancen gunna ko tsawon maddi.

Mai tambaya, daga Kaduna:
Na gode, Malama. Na tambaye ta, a makarantar allo ta yi karatun farko, amma a makarantarsu ta yanzu bugun Madina na Hafsu ake amfani da shi. Na kuma lura tana cewa "Maliki yaumid din" ba tare da jan mim ba.

Malamin Islamiyya, daga Zariya:
To, wannan ba kuskure ba ne, kada ka gyara mata shi da sunan kuskure. A Warshu mim ɗin gajere ne, a Hafsu ne ake ja, kuma dukkansu ingantattun ruwayoyi ne. Ina kyautata zaton rabin rikicewar Hajiya daga nan yake, kunnenta yana kan ruwaya ɗaya, idonta yana kan wata. A Warshu akan ɗauke wasalin hamza a ɗora wa baƙin da ke ɗaure kafinta, kamar a farkon Suratul Mu'uminun, kuma akwai ɗigon da ake sawa a ƙasan baƙi don a karkatar da fataha, kamar a ƙarshen ayoyin Walluha, alhali Hafsu wuri ɗaya kawai yake da imala, wato karkatar da fataha, a aya ta 41 ta Suratu Hudu. Shawarata ita ce a bar ta a kan Warshu idan akwai malamar da za ta bi da ita. Cibiyar Sarki Fahad da ke Madina tana buga Alƙur'ani na Warshu, sai dai ku lura cewa a rubutunsa ɗigon fa yana ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama.

Uwar ɗalibai, daga Maraɗi:
Game da saurare, Yaya, ka sa mata karatun Shaihu Mahmud Halil Alhusari na Masar a waya, domin ya naɗi Alƙur'ani cikakke a Hafsu tun 1961, daga baya kuma ya naɗi na Warshu, kuma ba ya sauri, kowane wasali yana fita a sarari. Ka yanke mata ayoyi kaɗan ta riƙa maimaitawa da yatsanta a kan kalmar. Abin da zan hana ka shi ne takardun da ake rubuta surori da boko, domin rubutun boko ba ya nuna dogo da gajere, kuma wanda ya saba da shi ba ya ƙara duban wasalin.

Alaramma, daga Gashuwa:
Idan makarantar ta dage a kan Hafsu, kada a haɗa mata biyun a sura ɗaya. Surorin da ta haddace ta ci gaba da salla da su yadda ta koya, sabon karatun kuma ta fara shi daga surar da ba ta taɓa biyawa ba.