Wane suna za mu raɗa wa IFAK da Hausa?

Jama'a, ku taya ni neman suna ga 'yar jakar nan da sojoji ke maƙalawa a ɗamara ko a jikin rigar sulke, wadda Amurkawa ke kira IFAK (Individual First Aid Kit, wato kayan taimakon farko na mutum ɗaya). Masu fassarar takardun horo sukan rubuta "akwatin taimakon gaggawa", ni kuwa sunan bai kwanta mini ba. Akwati a ofishin hedimasta ake ajiye shi ko a but ɗin mota, da farasitamol da aidin a ciki. Ita wannan a jikin mutum take wuni, kuma aikinta ɗaya ne, ta riƙe wanda aka harba har a kai shi asibiti.

Bari mu san abin tukuna. Bayan faɗan da sojojin Amurka suka yi a Mogadishu, babban birnin Somaliya, a 1993, likitocin sojan Amurka sun sake duba yadda ake kula da mai rauni a fagen daga, suka fito da sabon tsari a 1996. Binciken da aka yi daga baya kan sojojinsu da suka mutu a yaƙin Iraƙi da Afganistan, daga 2001 zuwa 2011, ya nuna cewa cikin waɗanda rauninsu irin na tsira ne, kusan 9 cikin 10 zubar jini ce ta yi ajalinsu. Babbar jijiyar cinya in ta tsinke, 'yan mintuna kawai ake da su.

Shi ya sa ake shirya jakar bisa abin da ya fi saurin kisa. Maɗaurin da ake murɗawa a tsai da jini shi ne farko, sau da yawa ma a waje yake, an riga an cire shi daga leda an ninke shi yadda hannu ɗaya zai fizgo, dama ko hagu, don ba a san wanne zai ji ciwo ba. Sai auduga ta musamman da ake cusawa cikin ramin rauni, wadda aka shafa wa farar ƙasa irin da ake haƙa a Ƙanƙara, saboda tana sa jini ya daskare da wuri. Sai bandeji mai matsewa, da 'yar robar da ake zurawa ta hanci don numfashi, da filastar ƙirji guda biyu, ɗaya inda harsashi ya shiga ɗaya inda ya fita. Akwai safar hannu, akwai alƙalamin maka na rubuta lokacin da aka ɗaure jini. Duk 'yan runduna wuri ɗaya suke rataya ta, shiri iri ɗaya, ta yadda ko cikin duhu ne hannu ya san inda zai nufa. Kuma ƙa'ida ce, ta wanda ya faɗi ake buɗewa, taka ta zauna a jikinka.

To, na ga shawarwarin sunayen da wasunku suka riga suka turo mini. "Jakar magani" ba ta yi ba, don ƙwayoyi ba su ne jigon kayan ciki ba. Gafaka mu bar wa almajiran ilmi abarsu. Burgami ya yi girma, kuma zube kaya ake yi a cikinsa.

Wani dattijo, tsohon soja, ya rubuto kalma ɗaya tak: zabira. Baba, Allah ya ƙara girma, ina ganin ka kashe bakin tsanya. Duk wanda ya taɓa zama gaban wanzami ya ga yadda yake buɗe ta: aska da aljihunta, almakashi da nasa, 'yar tsaga da nata, yana hira da kai yana zaro abin da yake so bai ko duba ba. Ƙarama ce, a jiki ake ratayawa, kuma kowace da mai ita.

Wata ma'aikaciyar jinya ba ta yarda ba. Ta ce zabira cire beli take tuna mata da askar da ba a tafasa ba, abubuwan da suke fama da mutane a kansu a asibiti kullum. Hajiya, maganarki dutse ce, shi ya sa ba zan bar kalmar ita kaɗai ba. Mu ce zabirar ceto. Siffar jakar muka aro, aikin cikinta kuwa "ceto" ya fayyace shi. Masu cewa yaran birni ba su san kalmar ba, ai IFAK ɗin ma ba su san ta ba, koya musu za a yi ko ta wane hali.

Ku gwada da baki kamar ana cikin tashin hankali: "Buɗe zabirarsa!" Ta fita kafin mai cewa "akwatin taimakon gaggawa" ya kai rabi. Babbar da jami'in lafiyar runduna ke goyawa a baya kuma, mai kayan kula da mutane da yawa, ita ce za mu bar wa "jakar agaji", don kada a riƙa haɗa su.

Saura maɗaurin nan, tonike. Ni "maɗaurin jini" nake cewa, amma wani ya kawo "matsin jini" na ƙi, don zai rikice da awon hawan jini. Masu aiki a ɗakin haɗari, me kuke ce masa a tsakaninku?