Yaushe shirun ɗan jarida a lokacin yaƙi yake zama cin amana?

Ɗalibin Jarida:
Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a karatun aikin jarida, kuma akwai tambayar da ta hana ni sakat. Ana koya mana cewa haƙƙin jama'a ne su san gaskiya, amma da zarar yaƙi ya ɓarke sai hukumomi su ce tsaron ƙasa na gaba da komai, su nemi manema labarai su kama bakinsu. Idan wakili ya ga abin da sojoji ba sa so a faɗa, yaushe shirunsa yake dattako, yaushe kuma yake cin amanar masu sauraro?

Tsohon Wakili:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Na taɓa bin ayarin sojoji zuwa fagen daga, kuma ƙa'idarsu ita ce jami'i ya duba rahotona kafin in aika. Wata rana ya ja jan biro a kan layi biyu. Na farko sunan gadar da ayarin zai haye da asuba, na biyu adadin gawarwakin mutanen ƙauye da na ƙirga da idona a farfajiyar wani ƙaramin asibiti, cikinsu har da yaro sanye da takalmi ƙafa ɗaya. Na amince da cire sunan gadar nan take, domin faɗarsa tana iya jawo a kashe mutane. Adadin gawarwakin kuwa na ƙi cirewa, domin ɓoye shi ba zai ceci ran kowa ba, sai dai ya rufa wa wasu asiri.

Kowane ɓangare yana da misali a tarihi. A yaƙin tsibiran Falklands na 1982 tsakanin Birtaniya da Ajantina, BBC ta sanar cewa sojojin Birtaniya sun doshi ƙauyen Goose Green tun kafin su kai hari, abin da ya fusata kwamandojinsu ƙwarai. Amma kisan ɗaruruwan fararen hula da sojojin Amurka suka yi a My Lai ta Biyetnam a watan Maris na 1968 ya zauna a rufe fiye da shekara guda, sai da ɗan jarida Seymour Hersh ya tona shi a Nuwamban 1969.

Malama Lauya:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, bari in ƙara da abin da doka ta tanada. Sashe na 79 na ƙarin yarjejeniyar Geneva kan dokokin yaƙi na farko, na 1977, ya ɗauki ɗan jaridar da ke aiki a yankin yaƙi a matsayin farar hula, muddin bai yi abin da zai zubar da wannan matsayi ba, kuma Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya jaddada haka a ƙuduri mai lamba 1738 na 2006. Sai dai kariyar tana tafe da nauyi. Yarjejeniyar Geneva ta uku ta 1949 ta hana a mai da fursunonin yaƙi abin kallo, don haka edita mai mutunci yakan yi tunani sosai kafin ya nuna fuskokinsu. Haka kuma 'yancin faɗar albarkacin baki bai haɗa da tunzura kisa ba: a 2003 kotun duniya da ta zauna a Arusha ta Tanzaniya ta kama Ferdinand Nahimana na rediyon RTLM da Hassan Ngeze na jaridar Kangura da laifi kan kisan ƙare dangin Ruwanda na 1994.

Edita Mai Ritaya:
Da girmamawa, Malam Wakili, ina ganin iyakar ba kullum take fitowa sarai kamar gada da gawa ba, domin wanda ke riƙe da jan biron shi ne ke yanke abin da ake kira sirri. A Maris na 2022 Rasha ta kafa dokar ɗaurin da ya kai shekara 15 kan abin da hukuma ta kira labarin ƙarya game da sojojinta.

Abin da ya fi damuna ma shi ne shirun da ba wanda ya tilasta. Wakilin da ke ci da kwana tare da sojoji, rayuwarsa kuma tana hannunsu, da wuya harshensa ya iya sukarsu, ko da ba a ce masa komai ba. A ɗakin labarai kuma kishin ƙasa kan sa a karɓi maganar majiyar gwamnati ba bincike. Jaridar New York Times da kanta ta amsa a Mayun 2004 cewa ba ta tantance wasu rahotanninta kan makaman ƙare dangi na Iraƙi yadda ya kamata ba, alhali an riga an mamaye ƙasar tun 2003. Shawarata gare ka, ɗana, idan an tace rahotonka ko an taƙaita inda za ka je, ka faɗa wa masu sauraro haka a cikin rahoton.

Ɗalibin Jarida:
Na gode, iyayena. Malam Wakili, da ka ƙi cire adadin gawarwakin, an bar rahoton ya fita kuwa?

Tsohon Wakili:
Bai fita ranar ba. Sun sallame ni daga ayarin washegari, na aika shi bayan kwana uku daga wani gari, ba tare da sunan gadar ba.