Na baro GML zuwa C#, tsalle ya ƙi amsawa a Unity

Salam 'yan'uwa. Shekara uku ina haɗa ƙananan wasannin kwamfuta nan Gombe da manhajar GameMaker da yarenta na rubuta kod, GML, kwanan nan na koma yaren C# a manhajar Unity. A GameMaker komai cikin Step nake zubawa, wato sashen kod da ke gudana sau 60 a daƙiƙa, lafiya lau.

A Unity na sa tafiya cikin Update (makamancin Step) da transform.position (mai sauya wurin ɗan wasa kai tsaye), sai ɗan wasan ya riƙa ratsa bango kamar aljani. Na mayar da komai FixedUpdate (sashen lissafin motsi da karo) da Rigidbody2D (mai ba ɗan wasa jikin da ke karo da abubuwa), bango ya tare shi. To yanzu sai na danna Space sau uku kafin ya yi tsalle ɗaya. Na sauya kibod, duk ɗaya. Kwana huɗu ke nan, kaina ya ɗaure.

Don Allah, yaya zan karanta GetKeyDown (umarnin da ke gano an danna maɓalli) yadda dannawa ba za ta riƙa ɓacewa ba?