Ina finafinan jarumta na Indiya marasa magana suka shige?

Ɗan Fagge:
Jama'a, an ce kafin 1931 Indiya ta yi finafinan faɗan takobi da sukuwar dawaki marasa magana. Me ya sa ba a ganinsu? Kuma me ya sa guntayen da ke intanet suke gudu da sauri?

Mai Majigi:
Malam, daga 1913 zuwa farkon shekarun 1930 an yi finafinai marasa magana sama da 1,000, amma waɗanda suka tsira ba su kai 50 ba, yawancinsu ma guntaye. Matsalar zaren fim ɗin ce, na naitiret ne, wani sinadari mai saurin lalacewa da kama wuta. Zafi da danshin Bombay sukan sa ya yi ɗorawa, ya yi danƙo, ya manne, daga baya ya zama gari. Idan ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi, domin da kansa yake samar da iskar da ke ciyar da wutar. Wasu kuma an sayar da su ne don a cire azurfar jikinsu. Abin takaici, sai 1964 aka kafa ma'ajiyar finafinai ta ƙasa a Pune.

Yaya Hajara:
Batun sauri, ƙanena: da hannu ake juya kyamarar, hoto 16 zuwa 20 a daƙiƙa. In aka haska a hoto 24 a daƙiƙa, kamar finafinai masu magana, faɗan sai ya koma tsalle-tsalle. Ka rage saurin bidiyon zuwa 0.75.

Mai Majigi:
Nemi fim ɗin Diler Jigar na 1931, ya tsira. Jarumar fim Lalita Pawar tana ciki, tana faɗa da takobi fuskarta a rufe.